Ɗanƙwairo Ba Ɗan Ƙwairo Ba Ne

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa da rediyo a gidansu ya san muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya rasu tun 1991, amma har yau kotsonsa na tashi a wayoyin matasan da ba a ma haife su ba sa'ad da aka yi masa sutura. Sunan ya wuce shi kansa. 'Ya'ya da jikokin da suka gaji kiɗan suna amsa shi, ya zama sunan gida, irin wanda ake cikewa a fom a gurbin da aka rubuta "sunan iyali". To, a kira ɗan sakandare a tambaye shi ma'anar sunan, amsa a bakinsa take: ai ɗan wani mutum ne mai suna Ƙwairo. Ta fuskar nahawu yaron bai yi kuskure ba. Ta fuskar tarihi kuwa ya faɗi warwas.

Mahaifin Musa sunansa Usman Ɗankwanda, makaɗi ne shi ma, kuma a ƙasar Bakura aka haifi Musa a farkon ƙarni na 20, kafin gidan ya zama na makaɗan fadar Sarkin Ƙayan Maradun. Abin da masu tattara tarihin makaɗa suka riwaito shi ne, a cikin mutanen Ɗankwanda akwai wani baransa mai suna Ƙwairo, wanda Allah ya yi wa zaƙin murya. Da yaro Musa ya fara buɗe baki a cikin amshi, sai aka ji muryarsa ta ɗauko ta wancan bawan Allah, aka riƙa cewa ga ɗan Ƙwairo, wato ga ƙaramin Ƙwairo. Tsokana ce ta cikin gida, irin wadda ake yi wa yaro a gaban manya a yi dariya. Sai ta bi shi. Ta bi shi fadar Maradun, ta bi shi gaban Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta bi shi Daura, ta shiga faifai da kaset, har masoyansa suka koma taƙaitawa suna ce masa Ƙwairo kawai. Baran da aka aro sunansa ya ɓace a cikin yaron ubangidansa, kuma ba don wannan tsokana ba, da yau babu mai ambatonsa.

Mun fara da wannan ne domin mu yi magana a kan wani nau'in rubutu da ya yi yawa a 'yan shekarun nan, wato rubutun bin asalin suna. Muna ganinsa a 'yan littattafan da ake rabawa ranar naɗin sarauta, da tarihin rayuwar manyan mutane da ake ƙaddamarwa, da gajerun bayanan da ke yawo daga waya zuwa waya. Niyyar masu yinsa kyakkyawa ce, kuma ƙishirwar da suke son kashewa ta gaske ce: mutum na son ya san daga ina ya fito. Amma hanyarsu kusan guda ce. A ɗauki sunan, a nemo kalmar Larabci mai kama da shi, a samo wani kaka da ya taso daga Gabas, ko Yamal ko Misira ko Bagadaza, a biyo da shi ta Borno, a sauke shi a gindin wata tsamiya, shi ke nan an gama. Inuwar Bayajidda ce ta lulluɓe kowane gida. Da za a ba irin wannan marubuci sunan Ɗanƙwairo ba tare da labarin baran Ɗankwanda ba, mun tabbata kafin la'asar ya samo wa Ƙwairo ƙabila da garin da ya baro.

Tushen kuskuren shi ne an ɗauki sunan Bahaushe kamar sunan Bature, wanda ke gangarowa daga uba zuwa ɗa shekara ɗari uku bai canza ba. Mu ba haka muka gada ba. Abin da muka gada shi ne sunan yanka, da sunan uba idan ana son bambancewa, sai kuma laƙabi, wanda shi ne ke yin aikin yau da kullum, tun da kunya ba ta barin uwa ta kira sunan ɗan fari, ba ta barin mata ta kira sunan miji, ba ta barin a kira sunan yaron da aka sa wa sunan kakansa. Laƙabi kuwa ba ya rantsuwa cewa gaskiya zai faɗa. Yana iya zuwa daga ranar haihuwa, ko kamanni, ko sana'a, ko wani abin dariya da ya faru sau ɗaya. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, wanda makaɗan fada da yawa ke ɗauka a matsayin malami, an riwaito cewa daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa ya samo nasa. Wa zai yi wa wannan salsala?

Sunan iyali da muke cikewa a fom yau, rajistar makarantar boko ce ta haife shi. Malami ya sami Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji, sai ya liƙa wa kowa sunan garinsu. Haka Abubakar ya fito daga Kwalejin Katsina a matsayin Tafawa Ɓalewa, haka aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Shi kansa Sardauna da Ahmadu Raɓa aka san shi a makaranta, daga baya ne sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya maye gurbin sunan garin. Ke nan mafi yawan abin da muke kira sunan gida bai kai shekara ɗari da daskarewa ba. Kafin nan ruwa ne mai gudu, kowane zamani da nasa.

Yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun wuri ne mai kyau na ganin yadda wannan daskarewa ke faruwa a kan idonmu, domin garuruwan uku kowannensu ya ba Jihar Zamfara gwamna tun bayan ƙirƙiro ta a 1996, kuma su ukun duk da kalmar fada duniya ta san su. Ahmad Sani, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Yariman Bakura ne. Jaridun Legas suka ga kalmar a gefen sunansa, suka yanke Bakura suka yar, suka mai da shi "Yerima" kamar sunan kakansa ne. Alhali yarima sarauta ce ta 'ya'yan sarki, kuma kalmar daga Borno ta shigo mana, tare da 'yan uwanta galadima da ciroma da kacalla. A nan kam akwai Gabas a cikin zancen, sai dai kalmar ce ta yi tafiyar. Samun yarima a gari ba ya nuna cewa mai riƙe da ita Babarbare ne, kamar yadda shan shayi ba ya mai da mutum ɗan ƙasar Sin.

Bello Muhammad, gwamna daga 2019 zuwa 2023, Matawallen Maradun ne, kuma nasa ya fi na kowa nisa a wannan hanya, domin yanzu ko a takardun gwamnati Bello Matawalle ake rubutawa. Wannan kalma ta cancanci a tsaya a kanta. Larabci ce tsantsa, mutawalli, wato wanda aka jiɓinta wa wani al'amari, daga tushe guda da wali da waliyyi. A ƙasashen Musulmi da dama ita ce sunan mai kula da dukiyar waƙafi. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ya lanƙwasa ta yadda harshensa ke so, mutawalli ta koma mutawalle, ta koma matawalle. A Katsina sarautar na da alaƙa da baitulmali, kuma ita ce Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, ya riƙe, daga baya ɗansa Umaru, shugaban ƙasa daga 2007 zuwa 2010, ya riƙe ta. Abin lura shi ne gidan Katsina ba su mai da sarautar sunan iyali ba. Sun tsaya a kan sunan unguwarsu, 'Yar'aduwa, wato ƙaramar bishiyar aduwa. Janar guda da shugaban ƙasa guda sun zagaya duniya da sunan wata 'yar itaciya mai ƙaya, sunan ma na mace, kuma ba wanda ya ga abin a matsayin ragi. Sarauta ɗaya, gidaje biyu, kowanne da abin da ya daskare a kansa.

Ga inda abin ke da nauyi. Sarauta rawani ce, sarki ke naɗawa, kuma idan mai ita ya rasu ko ya yi gaba, fada take komawa a ba wani. Sunan da ya shiga fasfo da katin ɗan ƙasa da takardar banki kuwa ba ya komawa ko'ina. Nan da shekara hamsin za a iya samun gidaje biyu ko uku a gari guda da ke amsa Matawalle ko Yarima ko Marafa, ɗaya da rawani, sauran da takarda. Wanda ya san yadda ake jayayya a kan gadon sarauta a ƙasar nan ya san cewa irin 'yan littattafan da muke magana a kansu su ne ake ɗaukowa a matsayin hujja ranar da rigima ta tashi. Abin da marubuci ya ƙaga yau don ya faranta wa mai gida rai, gobe shi ne za a buɗe a gaban kwamiti.

Na ukunsu, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, gwamna daga 2011 zuwa 2019, sunansa na koya mana wani taka-tsantsan na daban. Kowane Bahaushe ya san yari daga gidan yari: shi ne mai riƙe da kurkukun sarki a tsarin gargajiya. Mai gaggawa zai rufe ƙamus ya ce ya gama bincike. Amma kalmar fada na shiga gida ta ƙofofi da yawa. Tana iya zama sarautar da kaka ya riƙe, tana iya zama sunan da aka sa wa yaro don an yi wa wani mai sarautar takwara, tana iya zama laƙabin wasa, kamar yadda ake kiran yaro Sarki ko Alƙali ko Janar alhali bai taɓa taka fada ko bariki ba. Ƙamus na faɗin ma'anar kalma. Yadda kalmar ta zama sunan wani gida kuwa, sai an je gidan an zauna da tsofaffinsa, musamman mata, waɗanda su ne rumbun laƙabi. Marubutanmu na bin asalin suna sun fi son zama da ƙamus, don ƙamus ba ya cewa a dawo gobe.

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi ma a Talata Mafara ya zauna. Tun a shekarun 1950 aka naɗa Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sarkin Kudu, aka ba shi riƙon ƙasar Talata Mafara. Shi ne ubangidan Sa'idu Faru, makaɗin da ya ɗauki sunan garinsu Faru ta ƙasar Maradun, kuma waƙoƙin da ya yi masa na cikin abin da ake karantarwa a jami'o'i yau. Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi a 1996, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, kuma 'ya'yansa sun shiga Majalisar Dattawa da wannan suna a matsayin sunan iyali. To, macciɗo daga Fulatanci take, kuma ma'anarta bawa. Jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ɗan Sarkin Musulmi, ana kiransa bawa. Dalili sananne ne ga duk wanda ya san gidan da ake wabi: idan 'ya'ya na mutuwa suna ƙanana, sai a ba wanda ya zo suna na ƙasƙanci ko na nuna halin ko-in-kula, da fatan mutuwa ta raina shi ta wuce. Daga nan muka sami Bawa da Ajuji da Ayashe da Mantau, da kuma masu roƙo a fili irin su Abarshi da Barau. Suna ne da aka sa shi don ya yi ƙarya da gangan, ƙaryar uwa mai tsoron kabari. Wanda ya karanta shi a matsayin shaidar asali ya juya tarihi ƙasa a sama, kuma ya rasa abin da ke cikinsa mai taɓa zuciya, wato cewa fargabar rasa ɗa ba ta san gidan sarki da na talaka ba.

Wannan juyi na iya cutarwa ta ɗaya gefen ma. A ƙasar da har yau ake bincike kafin a ba da aure, kuma kalmar "asali" ke iya rushe baiko, mutumin da sunan kakansa Bawa na iya samun kansa yana kare abin da bai taɓa faruwa ba, saboda wani ya karanta guntun bayani a waya. Haka wanda kakansa bawa ne na gaske, aka kuma sa masa sunan ubangidansa kamar yadda aka saba, zai iya shiga littafi a matsayin ɗan sarauta. Mu ba mu ga aibi ga ɗayansu ba. Aibin na ga alƙalamin da ya ɗauki suna ya yanke hukunci.

Yanzu bari mu juyo gida, ga marubutan ƙagaggun labarai, don su ne suka fi ba mu takaici a wannan fage. Ga dukiya zube, ba mai ɗauka. A buɗe labarai goma daga cikin waɗanda ake sakawa a Wattpad ko ake turawa a WhatsApp babi-babi, a duba sunayen taurarin. Sunaye ne masu santsi da aka tsinto daga finafinan Indiya da na Turkiyya, ko daga jerin sunayen Larabci na intanet, sannan a liƙa wa gidan wani sunan iyali mai ƙyalli a rubuta shi a jikin ƙofar gida da lambar mota, kamar dai a Landan ake. Ba mu ce kada a sa wa yarinyar labari sunan zamani ba, ai a gidajen suna ma haka ake yi yanzu. Ƙorafinmu shi ne sunan ba ya ɗauke da komai. Ba wanda ya raɗa shi, ba kakar da ta ƙi kiransa ta ƙirƙiro nata, ba abin kunya ko abin dariya a bayansa. Za a iya musanya sunayen taurari biyu a tsakiyar littafi mai karatu bai lura ba.

Magabata ba haka suka yi ba. Littattafan da suka fito daga gasar 1933 sun san nauyin suna. Abubakar Imam ya haɗa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja, kuma tun kafin Zurƙe ya yi wani abu kunne ya riga ya gaya wa mai karatu cewa za a sha dariya. Ganɗoki na Bello Kagara sunansa kaɗai ya isa kirari. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa gaba ɗayansa a kan wannan matsala yake: yaron da aka raba da uwarsa, bauta ta kai shi hannun wani a wata ƙasa, ya girma a gidan da ba nasu ba. Marubucin da sunan garinsu ya zama sunansa a rajista shi ne ya rubuta mana labarin mutumin da aka yanke daga tushensa.

A ce yau wani marubuci ya ɗauki irin labarin Ƙwairo: bara mai murya, wanda ba shi da gadon kiɗa, yana tsaye a bayan ubangidansa yana amshi, yana ji ana kiran ɗan maigida da sunansa. Daɗi ya ji ko ƙuna? Ya ɗauki yaron ɗa, ko kishiya? Ga littafi sukutum, kuma ba a buƙatar jirgin sama zuwa Dubai a babi na uku. Ko a ɗauki yarinyar da ta je yin rajista aka ce sai ta kawo sunan iyali. Mun taɓa tsayawa a layi a wani ofishi muka ga an yi wa wata tsohuwa wannan tambaya. Ta faɗi sunanta, ta faɗi na mahaifinta, ma'aikacin ya ce saura ɗaya, kwamfuta ba za ta wuce ba sai an cike. Ta yi shiru, sannan ta faɗi sunan ƙauyensu. Ya buga, ba ƙugiya ba komai, ya ce ta matsa. A cikin minti guda aka yi wa zuriya suna, kuma jikokinta za su zo su tambayi ma'anarsa.

Batun ƙugiyar nan ma ba ƙarami ba ne. Na'urorin rajista ba su san ɗ da ƙ da ɓ ba, don haka Ɗanƙwairo ya koma Dankwairo, Macciɗo ya koma Maccido, 'Yar'aduwa ta koma Yar'Adua har wasu matasa ba sa jin aduwa a cikinta. Mai bincike na gobe zai fara ne daga rubutun da ya riga ya gurgunce, kuma daga gurguwar kalma zuwa ƙagaggen asali taku ɗaya ne.

Sunan ƙauyen da tsohuwar nan ta bayar shi ya fi tsaya mana a rai, saboda abin da yankin ya gani. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ce ta ɗaure Maradun da Talata Mafara da Bakura da igiya guda: ruwan ya taru a wajen Maradun, magudanan suka gangara gonakin Mafara da Bakura. Tafkin ya ci gonaki da ƙauyuka, aka tayar da mutane, kuma rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun tayar da wasu ƙauyukan na ƙasar Maradun da maƙwabtanta, mutanensu na zaune a Mafara da Gusau da Sakkwato. Yaran da ake haifa a can ana rubuta musu sunan garin da ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Ga wasunsu, wannan kalma ta uku a katin ita ce kaɗai abin da ya rage na garin.

Irin aikin da ake buƙata akwai samfurinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero da ɗalibansa sun bi makaɗa gida-gida, sun zauna da 'ya'yansu da 'yan amshinsu, sun tambayi yadda kowane laƙabi ya samu, suka rubuta abin da aka gaya musu ko da bai yi kama da abin alfahari ba. Ta irin wannan hanya ce labarin bara mai zaƙin murya da na karya mai suna Rambaɗa suka iso gare mu. An yi wa makaɗa wannan gata saboda sun shahara. Gidajen manoma da masunta da maƙera na bakin Bakolori ba a yi musu ba, kuma tsofaffin matan da suka san wa ya fara kiran wane da wane suna, da dalilin da ya sa, yawancinsu yau suna zaune a gidajen haya da na 'yan uwa a garuruwan da suka yi gudun hijira, ga waya mai naɗar murya a hannun kowane jika.